Allah Ya Ja Zamanin Dattijon Filato

A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, fitowar furfura ba ƙaramar sa'a ba ce, iya zama da ita kuwa sai wanda Allah ya ba. To duk faɗin Nijar, tun daga Ayoru har Bilma, babu inda aka iya tsufa irin unguwar Filato ta birnin Yamai. Turawan nan masu cika kasuwa da littattafan yadda mutum zai manyanta cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, wahalar banza suke sha. Da za su yanki tikiti su sauka filin jirgin Diori Hamani, su yi mako guda suna bin dattijon Filato a baya da alƙalami, da sun huta, mu ma mun huta.

Ita unguwar tun asali don hutun manya aka zana ta. Da Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulki daga Damagaram suka kawo ta Yamai a 1926, wannan tudun mai kallon kogin Isa suka zaɓar wa kansu, inda iska ke kaɗawa, suka bar kwarin Gunti Yena a tsakaninsu da ƴan ƙasa, don kada sauro da hayaniyar talakawa su hauro musu. Suka shata tituna masu faɗi, suka dasa maɗaci da dogon yaro, suka gina wa gwamna fadar da ta zama ta shugaban ƙasa. A 1960 suka naɗe tabarmarsu, suka bar mana gidaje da ofisoshi da inuwa, da wata ɗabi'a mai daraja, wato wanda ya hau tudu kada ya waiwayi kwari. Gidajen wasu sun tsage, itatuwan wasu an sare, amma ɗabi'ar, alhamdu lillahi, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Hikimar dattijon Filato ta faro ne tun daga haihuwa, domin shi bai yarda an haife shi a wata rana takamaimai ba. A ƙauye aka haife shi, shekarar da fara ta cinye gero, babu wanda ya rubuta. Sai da za a sa shi lakwal aka nemo shaidu biyu, aka dubi tsawonsa, aka ce an haife shi wajen shekara kaza, daga baya aka liƙa masa 1 ga Janairu tare da rabin ajinsu. Wannan gata ne da ɗan Bature bai samu ba. Shekarun da aka ƙiyasta ai ana iya sake ƙiyasta su, kuma mai kula da lafiyarsa yakan koma ya duba lissafin jefi-jefi, musamman in ya hango ritaya ta doso. Shi ya sa za ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ƙanen yana gida yana jiran fansho, wan kuwa saura masa shekara 4 a ofis. Tsohuwarsu ce kawai ke ruɗewa, ita kuma ba a tambayarta.

Doka ma tana bayansa. A 2023 aka ɗaga shekarun ritayar ma'aikacin gwamnati daga 60 zuwa 62. Masu lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa sun ce in aka haɗa aka raba, ɗan Nijar shekara 61 ko 62 yake yi a duniya. Dubi tsari! An auna abin daidai wa daida, yadda gama-garin ɗan ƙasa ba zai taɓa ɗanɗana kaɗaicin zaman ritaya ba. Masana za su ce ai mutuwar ƙananan yara ce ke jan lissafin ƙasa. Gaskiya ne, sai ma hankali ya ƙara kwanciya, tunda ba daga Filato ake ɗibar yaran ba.

Wanda bai ga dattijon nan da safiyar Lahadi ba bai san himma ba. Yana zaune a baranda da singileti, tawul a kafaɗa, madubi jingine da butar alwala, ya dama baƙin shuni a ƴar tasa, yana bin gemu da tsohon buroshin haƙori a hankali, harshe a waje saboda natsuwa. Ya bi saje, ya bi gashin baki, ya bi abin da hula ba ta rufewa a ƙeya. In ya gama sai ka ga gemu baƙi wuluk kamar gindin tukunya, a fuskar da ta ga juyin mulki 5. Kafin Alhamis fari ya fara leƙowa daga tushe, amma ai ba a kusantar babba har a ga tushen gemunsa. Kakanninmu lalle suke sa wa furfura ta yi ja, kowa ya hango daga nesa ya san tsoho ne, ya ba shi wuri. To su ba su da kujerar da za su tsare.

Duk da haka ranar takan zo. A yi ɗan biki a ofis, a gasa rago, a ba shi takardar yabo da agogon bango, ya yi jawabi har muryarsa na rawa, ya ce lokaci ya yi da za a ba matasa dama, shi zai koma ƙauye ya rungumi noma. Wannan ran Juma'a ke nan. Ran Litinin da ƙarfe 8 motarsa na nan inda ta saba tsayawa, ƙarƙashin maɗacin nan dai. An ɗauke shi mashawarci. Ofishin da ke jikin nasa na da aka ba shi, mai na'urar sanyi da ta fi waccan aiki, yanzu yana karɓar fansho da dama, kuɗin shawara da hagu.

Kada wani ya ce alfarma aka yi masa. Dole ce ta sa. Kusan shekara 40 yana ma'aikatar nan, kuma saboda hangen nesa bai taɓa koya wa kowa komai ba. Shi kaɗai ya san inda takardun filayen nan suke, shi kaɗai ya san Baturen da ake kira in kuɗin aiki sun maƙale, makullin durowa kuwa yana aljihunsa tare da goro. Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, ya yi wauta irin ta mutanen da: duk abin da ya sani sai da ya zazzage shi cikin littattafai barkatai, ya tattara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami ya bar wa na baya. Ga shi yau kowane ɗalibi na iya zuwa ya karanta bai durƙusa wa kowa ba. Dattijonmu ya fi ƙarfin wannan. Shi ma yana da littafi, ya shekara 10 yana gaya wa baƙi ya kusa kammala shi, sai dai ya san ilimin da aka rubuta ya zama na kowa, mai shi kuma sai a yi masa addu'a a wuce.

In kana son ganin gamsuwar rai tsantsa, je taron ƙara wa juna sani. Nan ne gonar da ya ce zai koma, kuma ba ta jiran damina. Shiga zauren kowane babban otal a Yamai da hantsi. Ga ƙyalle rataye a bango ɗauke da tambarin masu ba da kuɗi da sunan taro mai tsawon layi uku, ga tebur lulluɓe da farin yadi, gaban kowa gorar ruwa da ƴar jaka mai littafin rubutu da alƙalami. An ce ƙarfe 9, babban baƙo ya iso 11 saura, ya karanta jawabin da dattijon ya taɓa rubuta wa wani babban baƙo shekarun baya, kwanan wata kawai aka canza. A tafa, a yi hoto a kan matakala, a fita shan shayi. Dattijo ya cika faranti da cinyoyin kaza da ƴan kek duk da likita ya hana, ya dawo layin gaba, ya haɗa yatsu bisa tumbi, ya lumshe ido. Jahili zai ce barci yake. Nazari ne. Shaidar haka, da zarar takardar sa hannu ta iso layinsu sai ya farka ba wanda ya taɓa shi, ya rubuta suna da muƙami da lambar waya da kyakkyawan rubutu irin na ƴan lakwal ɗin da. Kafin la'asar ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ba tambaya ba, ta minti 20, wadda ta fara da "a zamaninmu". Da yamma a yi layi gaban wata yarinya mai rabon ambulan. Ba ya ƙirgawa a gaban mutane, yana da tarbiyya, da babban yatsa yake jin kaurinta.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42,000 ne a wata, tun da aka ƙara shi a farkon 2024. Dattijo kan haɗa wannan a taro ɗaya ko biyu hularsa ba ta karkace ba. Kuma batutuwan duk masu taɓa zuciya ne, yunwa da gurgusowar hamada da auren wuri da zaman kashe wando. Shekara da shekaru yana yaƙi da su, kuma cikin ikon Allah babu wanda ya ji ciwo, shi da su. Abokan gaba irin waɗannan ai ba a gaggawar kashe su.

A kan auren wuri ma ya fi zafi, alƙaluma a bakinsa suke: kashi 76 cikin 100 na ƴan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin su kai 18, babu ƙasar da ta kamo mu. Shi kam ba ya cikin masu wannan ɗanyen aiki. Amaryarsa ta baya-bayan nan sai da ta cika 19 cif, ajinsu ɗaya da jikarsa, abin da ya rage wa direba zirga-zirga. Uwargida, wadda ta sayar da awarwaronta lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati albashin wata da watanni a shekarun 1990, an gina mata ɗaki a baya, wajen da ya fi shiru, don ta samu natsuwar ibada.

Mahassada na cewa ya tare hanya. Wace hanya? Yaron da ya gama jami'ar Abdu Mumuni ai yana da abin yi iri-iri. Ya yi bautar ƙasa shekara 2, yana riƙe wa dattijo jaka yana buga masa takardu a kwamfuta, tunda shi dattijon bai ga dalilin koyon na'urar da ke da mai taɓa ta ba. In ya gama ya tafi ƙauye malamin kwantiragi, ya koyar a ajin zana, ya jira kuɗin wata. In ya gaji ya dawo fadar samari, ya samu benci a bakin titi, ya ƙware a dafa shayi, na fari da na biyu da na uku, har nasa gemun ya fara fari. Ka ga an ba shi damar tsufa ba tare da wahalar aiki ba. Wanda zuciya ta ɗiba kuma ya bi ta Agadas ya bar ƙasar.

Wani lokaci irin wannan yaron kan yi ƙarfin hali ya tare shi a bakin mota, takardu cikin leda.

"Baba, ina wuni? Maganar takarduna ce, har yanzu shiru."

"Ɗana, shekarunka nawa?"

"Ina cikin ta 34, Baba."

"Ashe ma yaro ne kai! Gaggawar me kake? Ni nan da kake gani haƙuri na yi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Gilas ya ɗage sama. Ba a gaya wa yaron cewa shi Baba yana ɗan shekara 28 aka ba shi darakta ba, lokacin da ake neman masu digiri ruwa a jallo. Dutsen dai na nan kan wuta, romon ne ake sha a wani gida.

Lafiya kuwa ba ya wasa da ita. Tun da likita ya ambaci sukari da hawan jini, kowace yamma direba ke ɗaukarsa a mota mai sanyi ya kai shi filin wasa na Janar Seyni Kunce, ya sauka da fararen takalma ƴan Dubai, ya zaga sau biyu yana waya, a maido shi. Tsakanin gida da filin ya fi zagayen nisa, amma tafiya a titi ta marasa mota ce, ba ta shiga lissafin motsa jiki. Ya kuma gano zogale. Matan Zabarmawa sun daɗe suna kwaɗa shi, suna ce masa kopto, ana cin dambu da shi a kowane lungu na Yamai, da can yana ce masa cimar talaka. Yanzu ɗiyarsa ke aiko masa da shi daga Faransa cikin ƙwayoyi, a kwalba mai rubutu, ya haɗiyi biyu da safe.

In abu ya fi ƙarfin zogale, akwai jirgi. Manya da ma ba su cika cikawa a gida ba: Janar Kunce a asibitin Paris a 1987, Diori Hamani a Rabat a 1989. A 2016 aka ƙaddamar da babban asibitin da Sin ta gina a Yamai, mai gado 500, don a rage fita waje neman magani, dattijonmu ya tafa har hannunsa ya yi ja. Amma tausayi bai bar shi ya je ya tare gadon da talaka ke buƙata ba. Sai ya haƙura ya tafi Tunis ko Istanbul ko Indiya, a kan takardar da abokin karatunsa ya sa wa hannu. Da gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi a watan Satumban 2024, ya yi murna ƙwarai saboda mai gadinsa.

Af, mai gadi. Ga wanda bai iya tsufa ba sam. Sa'an maigidan ne, wataƙila ma farar da ta cinye geronsu ɗaya ce, amma dubi yadda ya saki kansa. Haƙora sun zube, ido ya yi yana, baya ya ranƙwafa. Yunwar 1984 ta koro shi daga ƙauye, ya ce rani guda zai yi. Yana kwana kan tabarma a bakin ƙofa da sanda da tocila da ɗan murhun shayi, ya tashi sau uku cikin dare ya buɗe wa ƴaƴan gida. Ba shi da takardar aiki, ba a taɓa rubuta sunansa a asusun fansho ba, haka ma galibin tsofaffin ƙasar nan, manoma da makiyaya da mata masu talla, waɗanda fanshonsu ɗa ne in ya samu. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, a gefen tabarmarsa aka girke janareto, ya sha hayaƙi wata da watanni don maigida ya samu barcin awa 8 da ake so ga mai shekaru. Bai taɓa halartar taro ko ɗaya kan kula da tsofaffi ba. Mutum in ba ya neman ilimi, me za a yi masa? Duk da haka maigida ba ya manta shi. Kowace Babbar Sallah yana ba shi tsohuwar riga da kan rago, yana kuma ce masa "abokina" a gaban baƙi. Shi kuma ya ce "ranka ya daɗe", addu'ar da ga dukkan alamu ana karɓa.

Wannan fanni yana da manyan malamai, fadar da ke cikin unguwar kuwa ita ce jami'arsa. Marigayi shugaba Tanja Mamadu, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 71 wa'adinsa na biyu ya zo ƙarshe a 2009. Sai jama'a, waɗanda ba sa taɓa rasa motocin da za su kwaso su, suka roƙe shi ya tsaya ya ƙarasa ayyukan da ya fara, gada ta biyu da matatar man Damagaram da madatsar ruwan Kandaji. Dattijo ba ya ƙin roƙon jama'a. Kotun tsarin mulki ta ce a'a, ya rusa majalisar dokoki. Ta sake cewa a'a, ya rusa ta ita ma. Aka yi zaɓen raba gardama ran 4 ga Agusta, aka ƙara masa shekara 3. Tazarce ke nan. Wajen wata 2 da shiga ƙarin, ran 18 ga Fabrairun 2010, wasu yara marasa ta ido masu bindiga suka faɗo ana tsakiyar taron ministoci. Amma dabarar ba ta mutu ba, kowane ƙaramin darakta ya ɗebi gadonta: ka ɗaura tafiyarka a kan gama aiki, sannan ka zaɓi aikin da kyau. Kandaji a 2008 aka aza harsashinta, shekara 15 bayan nan ba a gama ba.

Akwai kuma waɗanda suka faɗi jarrabawar, abin tausayi. Janar Ali Saibu ya yarda aka yi taron ƙasa a 1991, aka shafe wata 3 ana faɗa masa magana son rai, ya miƙa mulki a 1993, ya koma ƙauyensu wajen Walam, ya yi zamansa shiru har Allah ya karɓi abinsa a 2011. Shekara 18 babu jiniya! Senghor na Senegal da ƙafarsa ya sauka a ƙarshen 1980, Nyerere na Tanzaniya ya bi sahu a 1985. Ina za a haɗa su da Paul Biya na Kamaru, haihuwar 1933, yana kan kujera tun 1982, ya sake tsayawa a 2025 yana da shekara 92 aka ce ya ci? Yawancin ƴan Kamaru ba su taɓa shan wahalar haddace sunan wani shugaba ba. Dattijon Filato in ya gan shi a talabijin har wani ƙarfi yake ji a gwiwa.

Wasu na cewa a wurinmu girman tsoho shi ne a zo a same shi a zaure, ya sasanta rigima, ya ɗaura aure, ya faɗi gaskiyar da mai neman abinci ba zai iya faɗi ba. Wannan maganar mutanen da ba su taɓa jin kaurin ambulan ba ce. Dattijonmu ya san in ya koma zaure waya za ta yi shiru, masu gaisuwar Sallah za su ragu, har ya kai ga gano ko shi ake gaisarwa tun da can ko kujerar. Bincike irin wannan ba shi da kyau ga mai hawan jini.

Shi ya sa yake ci gaba da sadaukar da kansa. Yanzu haka an naɗa shi shugaban kwamitin da zai binciko dalilin da ya sa matasa ba sa samun aiki, shi da abokansa shida, ƙaraminsu shekararsa 58 a takarda. An ba su wata 3, sun roƙi ƙari saboda girman matsalar. Zaman farko a Doso za a yi shi, kilomita 140 daga Yamai, domin kuɗin zama ya fi kauri in an kwana a waje.